Hular haƙori: yadda ake ceto haƙorin da ya tsage kafin ya rabe biyu

Kana cikin cin shinkafa da wake, ko dafa-duka, sai ka ji ƙaras! Ka tauna tsakuwa. Duk wanda ya taso a Kura, Bunkure ko Garun Malam ya san wannan ƙarar, domin shinkafar da aka turara aka shanya a fili ba ta rasa 'yar tsakuwa, sai fa in ta bi ta injin cire tsakuwa. Yawanci mutum ya tofar, ya kurkure baki, ya ci gaba da cin abincinsa. Amma wani lokaci bayan kwana biyu sai ka lura da wani sabon abu: in ka tauna a ɓangaren sai wani zafi ya tsarga maka kamar an soka allura, musamman daidai lokacin da ka saki cizon. In ka sha ruwan sanyi ma haka.

Wannan alama ce ta haƙorin da ya tsage. Mutane da yawa zaɓi biyu suka sani a nan: ko a yi ta haɗiyar maganin kashe zafi, ko a je a cire. Akwai na uku, wato a sa wa haƙorin hula. Likitocin haƙori na ce mata kirawun, mu kuma a nan za mu kira ta hular haƙori.

Me ya sa haƙori ba ya warkewa da kansa?

In lauje ya yanke ka, fatar za ta haɗe. In ka karye, mai ɗori ya ɗaure, ƙashin zai kama. Haƙori ba haka yake ba, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina shi.

Haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne farin ɓawon da kake gani, ana ce masa inamel. Babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin 100 ɗinsa ma'adini ne. Sai dai babu jini ko ƙwayoyin halitta masu rai a cikinsa, saboda haka in ya guntule ko ya tsage, shi ke nan, ba ya tohowa. A ƙarƙashinsa akwai wani hawan mai ɗan rawaya da ake kira dentin, wanda ke cike da ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani, masu zarcewa zuwa tsakiya. A tsakiyar kuma akwai nama mai laushi inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke. Zafin da kake ji in ka sha ruwan sanyi, ta waɗannan ƙananan hanyoyin ne yake isa ga jijiya.

Sannan ka duba aikin da turamen haƙora ke yi, wato manyan haƙoran baya da ake tauna da su. Ƙarfin cizon baligi mai lafiya a wajen yana iya kai nauyin buhun taki mai kilo 50, na wani ma ya wuce. Kullum a kansu rake, goriba, aya, gasasshiyar masara da ƙashin nama ke sauka. In ƙaramar tsaga ta samu, duk taunar da ka yi buɗe ta kake yi kaɗan kaɗan.

Ba tsakuwa kaɗai ke raunana haƙori ba. Abin da ya fi yawa shi ne kogo, wanda a gida ake cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Babu tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ke manne a jikin haƙori suke cin sukarin da ka sha, su fitar da asid, asid ɗin ya riƙa narkar da ɓawon. Shayi mai sukari sau uku a rana, lemon kwalba, alewa, mazarƙwaila, duk abincinsu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2022, ta ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 2 ne ke yawo da kogon da ba a yi wa magani ba a haƙoransu na dindindin.

Ciko ba ya isa ne?

In kogon ƙarami ne, ciko ya isa, kuma shi ya fi. Amma ciko toshe rami kawai yake yi, ƙarfinsa ya dogara ga bangon haƙorin da ke kewaye da shi. In ramin ya cinye fiye da rabin haƙorin, bangon ya zama siriri, to duk cizon da ka yi cikon zai riƙa tura bangon waje, kamar yadda tsinken ƙarfe ke faskara itace. Wata rana sai ɓangare guda ya ɓalle.

Hula tana aiki ne ta wata hanya dabam. Ka taɓa ganin turmin daka da ya fara tsagewa aka ɗaure shi da ƙarfe, ko zoben da maƙeri ke sa wa ƙotar lauje don kada ta dare? Haka hular take. Tana rufe haƙorin daga sama har zuwa bakin dasashi, ta rungume shi ta ko'ina, sai nauyin tauna ya bazu a kan dukkan haƙorin maimakon ya taru a kan tsagar.

Likita yakan ba da shawarar hula a kan haƙorin da ya tsage amma tsagar ba ta kai saiwa ba, da wanda babban ɓangarensa ya karye, da wanda cikonsa ya yi girma sosai, da wanda ya side saboda cizon haƙora cikin barci. Haka nan turmin da aka yi wa aikin jijiya, wato aka kwashe ruɓaɓɓen naman tsakiyar, aka wanke, aka toshe. Irin wannan haƙorin ya riga ya rasa jiki da yawa, in aka bar shi babu hula yana saurin darewa.

Akwai sharaɗi guda da ya sa lokaci ke da muhimmanci. Zobe ba ya kama iska. Hular tana buƙatar lafiyayyen haƙori da ya ɗago sama da dasashi da kamar milimita 1.5 zuwa 2 a kewaye, wanda za ta riƙe. In tsagar ta gangara har cikin saiwa, ko haƙorin ya rabe biyu, babu hular da za ta cece shi, sai cirewa. Mun san yadda lissafin manomi yake: bari a gama dashe, bari a girbe alkama, bari tumatir ya yi kuɗi a Kwanar Gafan. Tsagar ba ta jira. Haƙorin da za a iya ceto a watan Janairu yana iya zama na cirewa a watan Afrilu.

Yadda ake aikin

Galibi zuwa biyu ne. A zuwan farko likita zai duba haƙorin, ya ɗauki hotonsa don ya ga saiwa da ƙashin da ke riƙe da ita. In jijiya ta riga ta ruɓe, aikin jijiya za a fara yi. Daga nan sai a yi maka allurar kashe zafi a wajen, a kwashe duk inda ya ruɓe, a cike gurbin, sannan a rage haƙorin ta sama da gefe da gefe, yawanci milimita 1 zuwa 2, don hular ta samu wurin zama ba tare da ta yi tsayi ba.

Bayan haka sai a ɗauki sawun haƙoran da wani abu mai laushi kamar ƙullu, wanda ke daskarewa a baki cikin 'yan mintoci. Da wannan sawun ne masu ƙera haƙora za su yi hular daidai bakinka, a kuma zaɓi launin da ya dace da sauran haƙoranka. Kafin ta fito za a sa maka ta wucin gadi. Kada ka tauna rake ko cingam da ita, kuma kada ka ce ai zafi ya tafi ka ƙi komawa. Ta wucin gadi ba ta daɗewa, in ta faɗi haƙorin da aka rage ya zauna a buɗe.

A zuwa na biyu, bayan mako ɗaya ko biyu, za a gwada hular, a sa ka ciji wata 'yar takarda mai launi don a ga inda ta fi tsayi, a gyara, sannan a manna ta da simintin haƙori. In ka koma gida ka ji ita ce ke fara taɓa na sama kafin sauran, koma a saita maka. Aikin minti kaɗan ne, amma in aka bari yana jawo ciwo.

Ire-irensu

Akwai ta ƙarfe zalla, ko ta zinare da aka gauraya da wasu ƙarafa. Ita ce mafi juriya, ba ta fashewa, kuma ba ta buƙatar a rage haƙori da yawa. Matsalarta launi, shi ya sa ta fi dacewa da haƙoran baya.

Akwai mai ƙarfe a ciki da tangaran a waje. Wani likitan haƙori a birnin Ditroit na Amurka, Charles Land, shi ya fito da hular tangaran zalla a ƙarshen ƙarni na 19, amma tana saurin fashewa. Sai wajen shekarun 1950 zuwa 1960 aka gano yadda za a gasa tangaran a kan ƙarfe ya kama. Tana da kyan gani da ƙarfi, sai dai tangaran ɗin yana iya ɓantarewa, kuma in dasashi ya janye wani baƙin layi yakan fito a bakinta.

Akwai ta zakoniya, wani farin abu mai tsananin tauri da inji ke sassaƙawa. Tun 1985 aka fara amfani da kwamfuta wajen sassaƙa gyaran haƙori a Jami'ar Zurik ta ƙasar Suwizalan, kuma yanzu akwai asibitocin da ke gama hula a rana ɗaya. Ta fi tsada.

Yara ma ana sa musu. In turmin haƙorin nono ya ruɓe sosai, akan rufe shi da hular ƙarfe da aka riga aka ƙera, ta zauna har haƙorin ya faɗi da kansa. Kada ka ce ai zai fita ne. Shi ke riƙe wa na dindindin gurbinsa.

To, haƙorin Makka fa?

Haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi ma hula ce, amma don ado. Galibi a kan lafiyayyen haƙorin gaba ake sa shi, kuma in an goge haƙorin don ya shiga, ɓawon da aka goge ba ya dawowa. In bakinsa bai zauna daidai ba, abinci yana maƙalewa a ƙarƙashi, dasashi ya kumbura, haƙorin ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali waje yana ƙyalli. In kana da shi, ko mahaifiyarka na da shi, kuma wajen yana wari, yana jini ko yana motsi, a kai wa likita ya duba. Kada a ɓamɓare shi a gida.

Shekara nawa take yi?

Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna cewa kusan 95 cikin 100 na hulunan ƙarfe da tangaran suna nan lafiya bayan shekara 5, da yawa kuma suna wuce shekara 10 zuwa 15. Hular kanta ba ta ruɓewa. Abin da ke ruɓewa shi ne haƙorin da ke ƙarƙashinta, kuma daga bakin hular yake farawa, inda ta haɗu da haƙori kusa da dasashi. Ku da kuke noma da ruwan Tiga kun san inda kanal ke fara lalacewa: a mahaɗar siminti, inda ruwa ke samun 'yar kafa ya riƙa zaizaye ƙasar da ke ƙasa.

Saboda haka a riƙa goge baki sau biyu a rana da man goge baki mai fuloraid, musamman kafin barci, a kuma bi bakin dasashi a hankali. Asuwaki yana da amfani, amma ba ya shiga tsakanin haƙora sosai, sai an haɗa da zaren sakace. A daina buɗe kwalba da haƙori, a daina yanke igiya ko tsinke bakin buhu da shi. Rake kuma a fere shi da wuƙa, a yanka ƙanana, a tauna a ɗaya ɓangaren. In hular ta fita, ka adana ta ka kai wa likita, sau da yawa ana iya mayar da ita. Kada ka manna ta da sufa-gulu.

Cirewa ba ta fi sauƙi ba?

A ranar, ta fi araha, gaskiya ne. Wani haƙorin ma cirewar ce maganinsa. Amma giɓi ba ya zama haka kawai. Haƙoran da ke gefe suna karkatowa, na sama ya riƙa zazzagowa tunda babu abin da ke tare shi, ƙashin muƙamuƙi a wajen ya riƙa raguwa, tauna ta koma ɓangare ɗaya. Cike giɓi daga baya, ko da gadar haƙori ko da dashe, ya fi hula ɗaya tsada nesa ba kusa ba. Kafin ka yarda a cire, ka tambayi likita kai tsaye: wannan haƙorin zai cetu? In zai cetu, nawa ne kuɗin aikin gaba ɗaya, har da na jijiya in ana buƙata, kuma zuwa nawa zan yi?

Kura ba ta wuce tafiyar kilomita 30 da 'yan kai daga birnin Kano ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ɗaliban likitan haƙori na Jami'ar Bayero ke samun horo, yana da sashen gyaran haƙori, haka ma Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad yana da sashen haƙori. Kana iya farawa da babban asibitin da ke kusa da kai a duba ka, a tura ka gaba. Duk inda za ka je, ka tabbatar likitan haƙori ne mai rajista zai rage maka haƙori, domin abin da aka goge ba ya komawa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi gaggawa. In ciwon haƙori ya zo da kumburin fuska ko ƙarƙashin haɓa, da zazzaɓi, ko ka kasa buɗe baki, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, wannan ba maganar hula ba ce kuma. Mugunya ce ke bazuwa, tana iya toshe hanyar numfashi. A tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.