Saboda Waƙar Jam'iyya Ka Daina Gaisawa da Ɗan'uwanka?

Wata Lahadi, ranar kasuwar Goronyo, ina zaune a teburin mai shayi sai wayar wani matashi ɗan kabu-kabu ta ɗauki ƙara. Ashe waƙar jam'iyya ya sa a matsayin sautin kira. Wani dattijo da ke gefe, wanda ya kawo buhunan albasa, ya ɗaure fuska ya ce, "Kai yaro, kashe muna abin ga ko ka tashi." Yaron ya ce, "Kawu, kirana fa aka yi." Dattijon bai ƙara magana ba. Ya ture kofinsa da sauran shayi a ciki, ya bar rabin burodi, ya kaɗe riga ya tafi. Mai shayin ne ya gaya mini cewa wannan "kawu" ba na ladabi kawai ba ne, wan mahaifiyar yaron ne, ciki ɗaya, kuma tun zaɓen 2023 ba ya amsa gaisuwarsa.

Na gaji da ganin irin wannan. Daga Wurno zuwa Rabah, ana ƙin zuwa suna, ana ƙauracewa ɗaurin aure, har gaisuwar mutuwa wasu sai sun tambayi ko mamacin na wane ɓangare ne. Siyasa dai kowa ya san ta, neman hanyar tafiyar da jama'a ce, kuma saɓani gishirinta ne. Talauci da zaman banza da rashin tsaro duk suna hura wutar, ban musa ba. Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar da ake yaɗawa a majalisu, wai duk wanda ya saurari mawaƙin ɗaya ɓangaren, ko ya zauna da ɗan adawa, ko ya karanta abin da suka rubuta, munafuki ne, kuma wai magabatanmu ba su san sassauci ba a kan abin da suka yi imani da shi.

To mai wannan magana ya taɓa zuwa hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno? Mutumin da ke kwance a nan tun 1837 ya yi jayayya mai zafi da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno, wanda ya rubuto yana tuhumar masu jihadi a kan hujjarsu ta yaƙar Borno. Me Bello ya yi da wasiƙar? Bai ƙone ta ba. Ya kwafe ta cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, sannan ya kawo tasa amsar. Da hannunsa ya adana hujjar abokin hamayyarsa domin na baya su karanta su auna. Kai kuwa, sautin waya na daƙiƙa goma ya hana ka ƙarasa shayinka.

Ko a cikin gida ba a rasa saɓani ba. Da Shehu Usmanu ya rasu a 1817, an yi wa Bello mubaya'a, baffansa Abdullahi na Gwandu ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa. Zuciya ta ɓaci, aka yi shekaru ana nesa da juna. Amma da garin Ƙalambaina ya gagari Abdullahi, Bello ya taso da runduna ya kai masa ɗauki. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Wannan fa rigimar gadon daula ce sukutum, ba kujerar kansila ba.

Su ma waɗanda ake wannan gaba dominsu, a dube su. A Sakkwato, Wamakko mataimakin Gwamna Bafarawa ne kafin su raba gari. Tambuwal a APC ya ci gwamna a 2015, ya koma PDP a 2018. Ahmed Aliyu ne mataimakinsa a lokacin, ya ajiye muƙamin ya tsaya takara da shi, aka kai har zagaye na biyu a 2019, Tambuwal ya tsira da ƙuri'a 342 kacal. Ƙuri'a 342 a jiha guda! Ma'ana kusan rabin masu zaɓe ba su tare da kai, ko wane ne kai. Duk munafukai ne? Manyan nan suna sauya sheƙa, suna haɗuwa a ɗaurin auren 'ya'yan juna su ci su sha, kai kana Rabah ka yanke zumunci da ɗan ƙanwarka. Wallahi abin kunya ne.

Shi mawaƙin siyasa sana'arsa yake yi, kamar yadda kake noman tafarnuwa. Musa Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna, ɗan Rabah, waƙa lokacin da NPC da NEPU ba sa ga maciji. Yau jikokin 'yan NEPU suna sauraronta suna girgiza kai, saboda zafin siyasar ya huce, azancin ya rage. Haka Bakandamiyar Narambaɗa: ba sai kai Bagobirin Isa ne za ta ratsa ka ba.

Shawarata ta farko ga matasa ce. In ka je shagon cajin waya za a tura maka waƙoƙi a katin ajiya, kada ka cika shi da habaici da zambon jam'iyya zalla. Wanda ya wuni yana zuba wa kunnensa zagi, da zagi zai kwana. Ka ce a haɗa maka da na Narambaɗa da Ɗan Anace da Shata, ka sa wa tsohonka da dare, za ka ga ya buɗe baki yana fassara maka kalmomin da ba ka taɓa ji ba, kuma hirar da ta gagare ku wata shida ta dawo. Kuma don Allah a cire waƙar jam'iyya daga sautin kira. Waya tana shiga masallaci, tana shiga zaman makoki.

Fim ma haka. Na san akwai masu ganin kallo ɓata lokaci ne, kuma ba kowane fim zan kare ba, wasu shirme ne tsagwaronsa. Amma shiri irin Kwana Casa'in na tashar Arewa24, wanda aka gina a kan ƙagaggiyar jihar Alfawa, yana da wani amfani da ba a lura da shi ba. Tunda jihar ba ta kowa ba ce, ɗan APC da ɗan PDP suna iya zama a tabarma ɗaya su yi tir da ɗan siyasa maƙaryaci, su tausaya wa talakan da aka yaudara, ba wanda zai ji an taɓa gwaninsa. In an tashi daga kallo, kada a yi saurin cewa "wannan ai wane ne." A bar shi a Alfawa. Kowa ya tafi da abinsa a zuci, ya san inda ya dace da shi.

Littafi kuwa ya fi su duka haƙuri, domin ba ya katse ka, kai ma ba ka iya katse shi. A nemi Tura Ta Kai Bango na Sulaiman Ibrahim Katsina, ko a koma wa Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai karatun boko ya karanta a bayyane bayan sallar isha'i, sauran su saurara. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Da waƙoƙin da Nana Asma'u ta rubuta malamanta mata, wato jaji, suka riƙa karantar da matan ƙauyuka. Malaman makarantun Wurno da Goronyo su ma suna da rawar takawa: ko sau ɗaya a zango a sa ɗalibai muhawara, a ba kowane yaro ɓangaren da bai yarda da shi ba ya kare.

Shi kuwa yaron kabu-kabun nan, kafin in bar teburin na ga ya ciro kuɗi ya biya na shayin da kawunsa ya bari, ya roƙi mai shayin kada ya faɗa masa.