Farauta Da Kwari Da Baka A Fadamar Haɗejiya

Kakana maharbi ne, shi ya koya mini cewa ba a shiga daji sai an san dabbar da za a bi. Barewa tana saurin sansano mutum, don haka akan laɓe mata kusa da mashaya, iska na bugun fuskar maharbi. Gada ta fi sauƙin samu. Mugun dawa kuwa sai kibiya mai dafin kwankwani.

Lokacin farauta shi ne rani, bayan ruwan fadama ya janye. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 ambaliya ta ragu, namun daji ma sun yi ƙaranci. Saboda haka ya kamata maharba su ƙyale dabba mai ciki, su kuma bar dajin Baturiya da aka keɓe.