DASHEN CEDIYA DA ƁAURE A ZANGUNAN KUDU: JARI MAI ARAHA, AMMA MAI SHARUƊƊA

INUGU — Duk wanda ya san kasuwannin ƙasar Hausa ya san ba a raba ciniki da gindin itace. A birnin Kano akwai unguwannin da suka ci sunan itatuwan da aka zauna a ƙarƙashinsu, kamar Cediyar 'Yan Gurasa da Durumin Iya, a Jihar Katsina kuma akwai ƙaramar hukuma sukutum mai suna Ɓaure. Amma a zangunan Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu, yawancin inuwar da ake ciniki a cikinta da kuɗi ake saye, wato rumfar kwano ko tampol ko laima, kuma ruwan sama da rana kan cinye su cikin 'yan shekaru a sake sabon kashe kuɗi.

Akwai hanyar rage wannan asara wadda iyaye da kakanni suka daɗe da sani, wato kafa reshen cediya ko durumi ya yi saiwa ya zama itace. Sai dai dabarar da ke aiki a Kano ko Sakkwato ba ta aiki yadda take a gabashin ƙasar nan, domin yanayi ya bambanta, haka kuma matsayin mai dashen a kan ƙasar da zai dasa.

Zaman Hausawa a wannan yanki ba sabo ba ne. Hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Fatakwal da ma'adinan kwal na Inugu a 1916, gadar Makurɗi kuma ta kammala haɗa layin da Arewa a 1932, sai fataucin shanu ya bunƙasa. A shekarun 1950 wani falken shanu daga lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko. Bayan buɗe gadar Kwara a Anacha a 1965 motoci suka karɓi yawancin jigilar, kuma a yau kasuwannin dabbobi irin na Ugwuoba a Jihar Inugu, da Amansea kusa da Awka, da Lokpanta a kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal, su ne matattarar wannan fatauci. A irin waɗannan wurare inuwa da ɗanyen ganye kaya ne masu farashi.

DANGIN ƁAURE

Masana tsirrai sun haɗa ɓaure da cediya da durumi da gamji da kawuri a gida ɗaya, wanda ke da nau'o'i fiye da 800 a duniya. A cikinsu har da tin, ɗan itacen da ake nomawa a ƙasashen Larabawa da Turkiyya, wanda aka sa wa sura ta 95 ta Alƙur'ani mai girma sunansa. Alamar gidan ita ce farin ruwa mai danƙo da ke fita idan an sari itacen. A farkon ƙarni na 20 ma an riƙa fitar da danƙon gamji daga Arewa zuwa Turai.

Wanda ya fi sauƙin kamawa daga reshe shi ne cediya, sai durumi. Ɓauren gida yakan kama, amma ya fi son bakin rafi da fili mai faɗi. Mutanen yankin su ma sun san wannan dangi: a ƙasar Ibo ana kafa rassan wani nau'insa da suke kira ogbu a matsayin shinge, ana kuma yanko ganyensa domin awaki. Saboda haka ba lallai ne ɗan kasuwa ya ɗauko reshe daga Arewa ba, sau da yawa irin da ya saba da ruwan Kudu yana nan kusa da shi.

DALILIN DA YA SA RESHE YA FI ƘWAYA

Kowa ya san idan aka ɓare ɓaure akan tarar da ƙananan ƙwari a ciki. Waɗannan ƙwari su ne ke yi wa furen barbara, domin furen ɓaure a cikin ɗan yake a rufe, kuma kusan kowane nau'i yana da nasa ƙwaron. Inda babu ƙwaron ƙwaya ba ta ƙosawa. Ko ta ƙosa ma ƙanana ce ƙwarai, renonta na da wuya, kuma abin da zai fito ba lallai ya yi halin uwarsa ba. Reshe kuwa uwar ce da kanta: ganye iri ɗaya, 'ya'ya iri ɗaya, ga kuma saurin girma.

Ga mai neman inuwa akwai wata fa'ida. Reshe mai tsawon mita 2 yakan yi toho a sama, inda bakin akuya ba ya kaiwa, alhali ƙaramin tsiro a kara ko a bakin mayanka ba ya kwana biyu.

YADDA AKE YI

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta babban reshe, wadda aka saba da ita a Arewa. Ana zaɓen reshe miƙaƙƙe daga itace mai lafiya, kaurinsa kamar damtse ko wuyan hannu, tsawonsa mita 1 zuwa 2. A sare shi da wuƙa ko adda mai kaifi don kada ɓawon ya yage, a zage ganyen duka, a jingine shi a inuwa kwana ɗaya ko biyu har danƙon bakin saran ya bushe. Daga nan a binne kimanin kashi ɗaya cikin uku nasa, a danne ƙasa sosai don kada iska ta riƙa girgiza shi, domin sabuwar saiwa kamar zare take, motsi kaɗan ke tsinka ta.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙaramin reshe a cikin leda ko tukunya, kuma ita ta dace da tsakar gida da kuma tin. Ana yanko reshen da ya fara ƙwari, mai kaurin yatsa, tsawon santimita 20 zuwa 30, mai gaɓa uku ko huɗu. A yi yankan ƙasa dab da gaɓa, domin a nan saiwa ta fi fita. A cika leda da yashin rafi wanda aka gauraya da ƙasa mai laushi ko buntun shinkafa da ya ruɓe, a huda gindin ledar, a soka reshen ya rage ido ɗaya ko biyu a waje. A kula kada a juya shi, gefen da ke kusa da uwar shi ne ke shiga ƙasa. A ajiye a inuwa mai haske, a riƙa yayyafa ruwa sai idan saman ƙasar ya fara bushewa.

Galibi saiwa kan fito cikin mako 3 zuwa 6. Sai dai fitowar ganye ba shaida ba ce, domin reshe kan yi toho da abincin da ke jikinsa tun bai yi saiwa ba. Masu gaggawa kan tumɓuke su duba, su kashe shi da hannunsu. Abin da ya dace shi ne a jira wata 2 zuwa 3, har a ga saiwa ta leƙo ta hujin leda, sannan a mayar da shi mazauninsa. Har ila yau a kiyaye danƙon, musamman na tin, domin yana ƙona fata idan ya taɓa jiki aka shiga rana.

INDA KUDU TA BAMBANTA

A Kano ruwan shekara ba ya cika kaiwa milimita 1,000, kuma abokin gabar dashe shi ne fari. A Inugu da Anacha ruwan ya haura milimita 1,500, a Fatakwal kuma ya wuce 2,000. A nan abin da ke kashe reshe shi ne ruɓewa. Manomin Arewa ya saba ya bar kwari a gindin dashe don ruwa ya taru. Wanda ya yi haka a Diobu ko a gefen kogi a Anacha, kabari ya haƙa wa reshensa. A maimakon haka tudu ake yi, kamar na doya, a kafa reshen a kai don ruwa ya zurare.

Lokaci ma ya sauya. A Arewa ana jiran faɗuwar damina a watan Mayu ko Yuni. A gabas kuwa ruwa kan soma tun Maris ko Afrilu, kuma wannan shi ne lokacin da ya fi, domin reshe ya samu ya yi saiwa kafin mamakon Yuni da Yuli. Wanda wannan dama ta wuce shi yana iya amfani da ɗan sararin da ruwa kan yi a watan Agusta, ko kuma ya yi renon a leda a ƙarƙashin rumfa.

LISSAFIN RIBA

Kuɗin da ake kashewa kaɗan ne: reshe kyauta ko kusan kyauta, leda, yashi, da abin kewayewa. Ribar kuwa ta fuska uku take zuwa. Ta farko inuwa, wadda babban reshen cediya kan fara bayarwa cikin 'yan shekaru kaɗan, kuma ba ta tsatsa ba ta yagewa. Dabbar da ta sha doguwar tafiya daga Maigatari ko Illela ko Potiskum tana bukatar wurin hutawa, kuma ragon da ya rame a rana farashinsa ke ramewa.

Ta biyu ita ce abincin dabbobi. Harawa da dusa da ake saukowa da su daga Arewa suna ɗauke da kuɗin mota, wanda ya ƙara hauhawa tun bayan janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, ga shi kuma harawa kan yi funfuna a danshin Kudu. Ganyen cediya da na durumi ba za su maye gurbinta gaba ɗaya ba, amma suna rage yawan da ake saye. A yankin Tigray na ƙasar Habasha manoma na kafa rassan cediya musamman domin ciyar da dabbobi a lokacin rani.

Ta uku ita ce sayar da dashen kansa. Masu gidaje da makarantu da masallatai na neman itatuwan inuwa, kuma 'yan ledoji a bayan shago na iya zama ƙaramar sana'a ga matasan zango.

HATTARA DA TIN

Tin ya fi jan hankalin masu jari saboda tsadar busasshensa a kantuna. Duniya na noma fiye da tan miliyan 1 a shekara, Turkiyya ce kan gaba, sai ƙasashe irin su Masar da Maroko da Aljeriya. Abin lura shi ne dukansu suna da bushewar yanayi a lokacin da 'ya'yan ke nuna. A danshin Fatakwal reshen tin zai yi saiwa cikin sauƙi, amma ganye kan kamu da cuta mai kama da tsatsa ya zube, 'ya'ya kan fashe ko su yi tsami, ƙananan tsutsotsin ƙasa kuma kan sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli. Don amfanin gida ana iya renonsa a babbar tukunya a ƙarƙashin baranda. Gonar kasuwanci kuwa ta fi dacewa da Arewa, inda ake da rani da ban ruwa.

Bugu da ƙari, sai a san irin da ake saye. Wasu nau'o'in tin na nuna ba tare da barbara ba, wasu kuwa sai da ƙwaronsu. Manoman Kalifoniya a Amurka sun dasa irin Izmir na Turkiyya a shekarun 1880, suka yi ta ganin 'ya'ya na zubewa ɗanye, har sai da aka kai musu ƙwaron a 1899. Haka kuma shigo da reshe daga ƙasar waje na bukatar izinin hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa, wato NAQS. Masu neman shawara na iya tuntuɓar cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan, wadda ke da reshe a Mbato kusa da Okigwe da kuma Bagauda a Jihar Kano.

MAI ƘASA DA MAI DASHE

Sharaɗi mafi nauyi ba na noma ba ne. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, amma al'ada na nan da ƙarfinta, kuma a wurare da dama na Kudu dasa itace mai daɗewa ana ɗaukarsa alamar ikirarin mallaka. Mafi yawan 'yan kasuwar zango haya suke yi, ko kuma hukuma ce ta ba su wurin zama. Itacen da aka kafa da kyakkyawar niyya na iya zama sanadin shari'a, ko ma rikici tsakanin baƙi da masu masauki.

Saboda haka kafin a sari reshe, a nemi yardar mai fili a rubuce, a bayyana cewa itacen ba ya ba mai dashe wani haƙƙi a kan ƙasar. A filin kasuwa kuwa, ya kamata maganar ta bi ta hannun Sarkin Hausawa da shugabannin ƙungiyar kasuwa zuwa ga ƙaramar hukuma. Haka nan saiwar wannan dangi na bin ruwa duk inda yake, tana fasa kwata da sokawe da harsashin gini, don haka a nisanta cediya da durumi aƙalla mita 10 daga kowane gini, a kuma riƙa rage rassansu kowace shekara, ganyen ya tafi turke.

Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, kuma wannan tunani ne ya sa da yawa suka shekara arba'in a zango ba su dasa ko itace ɗaya ba. Amma yau akwai jikokin fatake da aka haifa a Inugu da Anacha da Fatakwal, kuma a can suke neman abincinsu. Ƙungiyar kasuwar da ta samu izini ta kafa rassa ashirin a watan Afrilu, ta kewaye su daga awaki, ta rage wa kanta kuɗin tampol na shekaru masu yawa, kuma inuwar da za ta samu ba ta tambayar mai saye daga ina ya fito.