Dare 55 Cikin Laka Domin Minti 82

Ranar 28 ga Afrilu, 2019, tashar HBO ta haska kashi na uku a zangon ƙarshe na shirin Game of Thrones, inda aka gwabza yaƙin Winterfell. Tsawonsa minti 82. Kafin gari ya waye masu kallo sun cika intanet da ƙorafi, wai duhu ya yi yawa, ba a gane wa ke saran wa. Ƙalilan ne suka tambayi abin da wannan duhu ya ci. Dare 55 ma'aikata suka kwashe a filin Allah a Ireland ta Arewa, cikin sanyi da ruwan sama da laka, ƙarƙashin darakta Miguel Sapochnik. Su fara aiki da magariba, su tashi da hudowar rana.

Ana iya ɗaukar hoto da rana a dusashe shi ya koma kamar dare, tsohuwar dabara ce. Sai dai wutar yaƙi da hucin baki cikin sanyi ba sa fitowa daidai, shi ya sa daraktoci ke nacewa kan dare na gaskiya.

Jikin ɗan Adam kuwa bai san da zaman darakta ba. Akwai agogo a ƙwaƙwalwa da hasken da ke shiga ido ke saita shi. Da duhu ya shiga, sai ya ba da umarnin sakin sinadarin melatonin mai jawo barci, zafin jiki ya riƙa sauka har ya kai ƙasa wajen ƙarfe huɗu na asuba. A daidai lokacin ne ake son mai fitila ya hau tsani, mai kyamara ya riƙe hannunsa kada ya karkace. In ma'aikaci ya koma gida da safe, rana ta shaida wa agogon cewa lokacin farkawa ne, barcin ya zo guntu-guntu.

A ganina, inda ajali ya fi laɓewa shi ne hanyar komawa gida. A 1997 masu bincike Drew Dawson da Kathryn Reid a Ostareliya suka nuna cewa awa 17 ba barci na rage kuzarin mutum kamar wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa. A shekarar ce Brent Hershman, mataimakin mai kyamara a fim ɗin Pleasantville, barci ya sace shi a kan sitiyari bayan aikin awa 19, ya rasu.

Sai a Oktoban 2021 ƙungiyar ma'aikatan bayan fage ta Amurka, IATSE, ta ce tura ta kai bango. Sama da kashi 98 cikin ɗari na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a suka amince da yajin aiki, kamfanoni suka sauko aka sulhunta kan hutun awa 10 tsakanin tashi da dawowa. Cikin awa goman nan ne mutum zai tuƙa mota zuwa gida, ya ci abinci, ya ga 'ya'yansa, ya runtsa, ya sake kamo hanya.