Akwatin Sifika Da Kunnen Ɗanku: Darasin Da Na Ɗauko Tsakanin Shagari Da Boɗinga

Bayan la'asar ne, a wani biki da muka je garin Shagari. An kafa rumfa a ƙofar gida, mai DJ ya girke manyan akwatunansa biyu a ƙasa, janareto yana ta ruri can gefe. Ina cikin gaisawa da dangi sai idona ya faɗa kan ɗiyar yayata, 'yar shekara huɗu, ta manne da ɗaya daga cikin akwatunan tana ƙyalƙyala dariya, don yadda kiɗan yake girgiza mata ciki. Kanta kuwa daidai bakin ƙahon nan da ke fitar da ƙara mai tsini. Na janyo ta, ta yi ta kuka, wasu ma suka ce na cika iyayi irin na ma'aikatan asibiti.

Washegari da safe yarinyar ta ce wa uwarta akwai sauro a kunnenta. Babu sauro. Kukan kunne ne, irin wanda ke biyo bayan ƙara mai yawa. Allah Ya taimaka, bayan kwana biyu ya lafa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, akwatin nan da ta manne da shi, ƙanena ne ya haɗa shi da hannunsa a shagonsa na Boɗinga. Da shi yake ci, da shi yake taimaka wa mahaifiyarmu. Don haka, mai karatu, ba na zo in ce a hana sana'ar ba ne. Na zo in ba ku abin da na koya a wurinsa, da abin da shi ma ya koya a wurina.

Abin da ke cikin akwatin

Duk wanda ke bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga zuwa Shagari ya san muryar lasifika ba baƙuwa ba ce. Da ita ake kiran salla, da ita ake tafsiri da azumi, da ita mai maganin gargajiya yake talla ranar kasuwa, da ita 'yan siyasa suke gangami. A nan Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, da muryar baki kaɗai ake isar da karatu. Yau ɗan ƙaramin walimar sauka ma sai an nemo amfilifaya.

Ita sifikar kanta ba a garuruwanmu ake ƙera ta ba. Daga waje ake shigo da ita, ta bi ta manyan kasuwanni irin su Alaba ta Legas, ta iso Kano da Sakkwato. Tsarinta kuwa tsoho ne, tun 1925 wasu injiniyoyi biyu a Amurka, Rice da Kellogg, suka fito da shi: maganaɗisu a baya, siririyar waya da aka naɗe wadda masu gyara ke kira koyil, sai faifai mai kama da mazurari. Idan wuta daga amfilifaya ta bi ta koyil, sai faifan ya riƙa kai da komo yana tura iska. Motsin iskar nan shi ne sautin da muke ji.

Abin da yaranmu suke yi da hannunsu shi ne akwatin. Na ɗauka ado ne kawai, sai da ƙanena ya kunna mini sifika tsirararta a kan benci. Murya ta fito siririya, babu nauyi ko kaɗan. Ya ɗora ta a bakin akwati, nan take sauti ya cika shago. Ya ce: “Yaya, kin gani? Idan faifan ya tura iska gaba, ta baya janyewa take yi. In ba a raba su da katako ba, sai su haɗu su kashe juna.”

Sautin da ya fi shan wahala a wannan kisan shi ne mai kauri, wanda samari ke kira bes. Shi ne irin amon tambarin sarki da kake ji a ƙirji kafin kunne ya tantance. A kiɗan zamani, jita mai tsirkiya huɗu ce ke ba da shi, wadda kamfanin Fender ya yaɗa irinta tun 1951. Tsirkiyarta mafi kauri tana kaɗawa kamar sau 41 a daƙiƙa ɗaya. Kafin a fitar da sauti mai zurfi haka sai an motsa iska mai yawa, shi ya sa ake neman wufa mai faɗin inci 15 ko 18, da akwati mai ciki.

Inda ake gane gwani

Ba kowane kafinta ne ya iya akwatin sifika ba. Ga abubuwan da ƙanena ya nuna mini, waɗanda za su amfane ku in za ku saya wa masallaci, makaranta ko ɗanku mai son sana'ar.

Na farko, katako. Falanki mai kaurin milimita 18 ake so, a haɗa da gam da sukuru, a sa masa tokara daga ciki. Siririn katako rawa yake yi tare da kiɗan, ya sace ƙarfin sautin, ya ƙara masa wani gurnani mara daɗi. Katakon garin itace kuwa yana da araha, amma da ya sha ruwan damina sai ya kumbura ya ruguje.

Na biyu, girman ciki. Kowace sifika tana da girman akwatin da ya dace da ita, da girman ramin da ake hudawa don iska ta fita. Wasu masana biyu da suka yi aikinsu a Ostareliya, Thiele da Small, su suka tsara lissafin wannan tun shekarun 1960 da 1970, kuma kamfanonin kirki suna buga alƙaluman a takardar kayansu. Yaron da ya iya karatu, yake da waya mai intanet, zai iya auna akwatinsa da lissafi maimakon kintace. Nan ne boko yake yi wa sana'ar hannu rana.

Na uku, haɗin waya. Yawancin sifiku om 8 ne. Idan aka haɗa biyu kafaɗa da kafaɗa sai su koma om 4, huɗu kuma su koma om 2. Amfilifayar da ba a yi ta don ɗaukar om 2 ba za ta yi zafi ta ƙone, balle a watan Afrilu da zafin ƙasar Sakkwato ke wuce digiri 40. Ƙurar hunturu ma tana shiga tsakanin koyil da maganaɗisu ta riƙa gurzawa, don haka rufe kaya da tsumma ba ƙauyanci ba ne.

To ina ruwan ma'aikaciyar jinya da wannan duka? Ga shi: akwatin da aka haɗa da ganganci ba ya ba da bes. Mai DJ yana neman nauyin da babu shi, sai ya yi ta murɗa ƙara har amfilifaya ta gaza, sauti ya fashe ya koma tsatsa. Wannan fasasshen sauti mai tsini shi ke ƙona ƙananan sifiku, kuma shi ne irin wanda kunnen mutum ya fi jin zafinsa. Akwati mai kyau yana gamsar da masu rawa ba tare da an ƙure ƙara ba.

Abin da ke cikin kunne

Can bayan dodon kunne akwai wata 'yar gaɓa mai siffar katantanwa. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 16,000, su ke mayar da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa take fahimta. Ƙara mai yawa tana kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da gero. Wani lokaci su miƙe bayan kwana ɗaya ko biyu. In aka yi ta maimaitawa sai su mutu, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu rubutun sha da zai dawo da shi.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata a Amurka suke bi ta ce a desibel 85 mutum zai iya yin awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. A gaban babban akwatin biki ana iya wuce 100. Yanzu ku tuna awa nawa yaranmu suke yi a wurin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti. A 2022 ta fitar da ƙa'idar wuraren taro, inda ta ce kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100, kuma ranar 3 ga Maris ta kowace shekara an ware ta don tunatarwa kan lafiyar ji.

Abin tsoro da wannan cuta shi ne ba ta zuwa da jini ko zazzaɓi. Sautuka masu siriri take fara ɗaukewa, irin su s, sh, f da ts. Yaro yana jin ana magana amma kalmomin suna cakuɗe masa. A aji a ce daƙiƙi ne, a gida a ce taurin kai ne, a makarantar allo ya sha bulala don ya kasa bambance harufa. Na sha ganin uwa ta kawo yaro da ƙorafin ba ya jin magana, tana nufin rashin ladabi, alhali da gaske ba ya ji ɗin ne sosai.

Maganin da ba ya cin kuɗi

Albishir ɗin shi ne, nisa magani ne. A fili, duk lokacin da ka ninka tazararka da sifika, ƙara tana raguwa da kamar desibel 6. Idan a mita ɗaya tana 110, a mita 2 ta koma 104, a mita 4 ta koma 98, a mita 8 ta koma 92, a mita 16 kuwa 86. Taku ashirin kawai zai iya zama bambanci tsakanin yaron da ya kwana lafiya da wanda ya kwana da kukan kunne.

Iyaye mata, tabarmarku ta yi nesa da akwatin, musamman mai goyo. Jariri ba zai ce miki kunnensa yana zafi ba, kuma barcin da ya yi a bayanki ba shaida ba ne cewa ƙarar ba ta dame shi ba. Ga gwaji mai sauƙi: idan sai kin ɗaga murya kafin wadda ke tazarar hannu ɗaya da ke ta ji ki, wurin ya yi ƙara, ki matsa.

Iyaye maza, ku ne kuke biyan mai DJ, kuna da bakin cewa ya rage. Ku sa sharaɗin tun wurin ciniki. Haka kwamitin masallaci da masu shirya wa'azi: a ɗaga ƙaho sama, a juya bakinsa daga sahun yara da tagar maƙwabci mai jinya. Janareto kuma a fili yake zama, nesa da ɗaki da zaure, domin hayaƙinsa yana ɗauke da guba mara wari da ke kashe mutum cikin barci. Wayoyin da aka haɗa da leda a bar su a ƙasa inda yara ke yawo ba takalmi, su ma a gyara.

Ku kuma samari masu sana'ar, kunnenku shi ne jarinku. Da shi kuke gane koyil ya fara gurza, da shi kuke daidaita sauti. Ku nemi abin toshe kunne na soso, irin na ma'aikatan masana'anta. Auduga ba ta tare wani abin kirki.

Idan kukan kunne ko toshewa ya wuce kwana biyu, ko ji ya ɗauke farat ɗaya, ko kunne yana ruwa, a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba. Kada a ɗiga manja, man zaitun ko ruwan ganye, kada a soka tsinke. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro inda ake gwajin ji, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Da na gama yi wa ƙanena wannan lissafi sai ya yi shiru. Can ya ce shi ma yakan kwana da ƙugi a kunne duk ranar da ya gwada sababbin akwatuna, ya ɗauka gajiya ce. Shekararsa ashirin da biyar. Yanzu ya raba aikinsa gida biyu: akwatin wufa a ƙasa, na ƙaho a kan doguwar ƙafar ƙarfe da mai walda ya yi masa, sama da kan babban mutum. Sautin yana tafiya nesa, ba ya dukan fuskar na gaba. Ya ce masu haya sun fi son sa haka, don na bayan rumfa ma suna ji. Gwajin kunnen da na matsa masa ya je ya yi kuwa, har yau muna kan ja-in-ja, amma ban gaji ba.

Hausawa suna cewa kunne ya girmi kaka. Da shi yaro zai ɗauki karatu, da shi zai ji kiran mahaifiyarsa, da shi zai ji tarihin gidansu. Biki na yini ɗaya ne. In an gayyace ku na gaba, kafin ku nemi inda amarya take, ku fara duba inda yaranku suka zauna. Yaya abin yake a unguwarku? Ina jiran jin ta bakinku. Allah Ya kare mana zuri'a, Ya sa albarka a sana'ar matasanmu.