Garaya Tana Nan, Amma Wa Ya Sassaƙa Ta?

Wannan shiri musamman na mutanen Yargalma da sauran garuruwan ƙasar Bukkuyum da Gummi da Anka ne. Yau a kan kayan kiɗa masu tsarkiya za mu tattauna, da hannuwan da ke ƙera su, kuma za mu soma daga nesa.

A shekarar 1932 wani Ba'amurke ɗan asalin Italiya mai suna John D'Angelico ya buɗe ɗan shago a birnin New York, yana ƙera wata irin jita da hannu. Fuskar jitar ba a shimfiɗe take ba. Katako mai kauri yake samu ya yi ta sassaƙa har ya yi doro kamar bayan akushi, yana rage kaurin kaɗan-kaɗan, yana ƙwanƙwasawa da yatsa yana sauraron amon. Da ya rasu a 1964 ya bar jita 1,164. An iya ƙidaya su ne domin kowace tana ɗauke da sunansa, kuma yana da littafin da yake rubuta lambar jita da ranar da ya gama ta da sunan mai saye. Yau dubban daloli ake zubawa a kan guda ɗaya, kuma mai saye sai ya duba ko katakon ya tsage, ko wuyan ya lanƙwashe, ko fentin na asali ne. Wadda aka sake wa fenti, ko da ta fi sheƙi, kuɗinta faɗuwa yake yi. A 2011 gidan tarihi na Metropolitan ya baje kolin aikinsa tare da na almajirinsa James D'Aquisto.

To, mu dawo gida mu ɗauki garayar mafarauta. Masassaƙi ya rarake ice guda da gizago ya fitar da ƙoƙo mai siffar ƙwai. In ya bar shi da kauri, garaya ta yi dum, ba ta magana. In ya zarce, ta tsage tun hunturun farko. Sai a rufa fata tun tana ɗanya domin ta ja kanta in ta bushe, a soka sanda, a ɗaura tsarkiya biyu da tsinken fata wanda ake matsarwa sama ko ƙasa in za a saita murya, a kafa jaki a ƙarƙashinsu, a sa ceba a ƙarshen sanda tana caccaka. Babu awo, babu takarda, kunne da yatsa ne kawai, kuma su ne kayan aikin da D'Angelico ya fi dogara da su. Haka gurmi da goge da kukuma, inda zaɓen ƙwarya kaɗai ilimi ne. Gwanintar ba ta gaza ba. Abin da muka rasa shi ne suna. Kowa ya san Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa, an san Haruna Uji da gurmi, an san Hassan Wayam da kukuma. Amma ka tsaya a kasuwar Gummi ko ta Nasarawar Burkullu ka tambayi jama'a wa ya haɗa wa waɗannan mutane kayan kiɗansu, ko su da kansu suka yi, za ka sha shiru. Littafin da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971 ya tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da sassansu, to amma ƙamus ne, ba kundin masassaƙa ba.

Wani zai ce kwatancen bai yi ba, domin ba a yin garaya don ta shekara tamanin. Fata tana saki da damina sai an shanya ta ko an kara ta a wuta, tana fashewa da hunturu, tsarkiya tana tsinkewa, yanzu ma da yawa zaren fatsa suke ɗaurawa. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ba za mu auna lafiyar garaya da ma'aunin Amurka ba. Fata da tsarkiya abin canji ne, wanda ya ƙi canza su ya kashe abin. Amma ƙoƙon icen yana iya wuce mai shi in an tsare shi daga gara da yoyon ɗaki, kuma a cikinsa sawun gizagon gwani yake. Shi ne bai kamata a shafe da fentin mai ko a toshe tsagarsa da ƙusa ba. Mafi muhimmanci kuma shi ne mutumin da ya iya sake ɗaura fatar, domin tsohuwar garaya ba tare da shi ba ice ne kurum.

Akwai mai cewa garaya da goge kayan bori ne, kuma Zamfara ce ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999. Hukuncin kiɗa na malamai ne, wannan shiri ba fatawa yake bayarwa ba. Sai dai rubuta cewa wane masassaƙi ne, a gari kaza ya zauna, ice kaza yake amfani da shi, tarihi ne, kuma sau da yawa hannun da ya rarake garaya shi ne ya sassaƙa turmi da ƙotar fartanya da allon makaranta.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na halin da ake ciki. Yargalma na cikin garuruwan da gubar dalma ta yi wa ɓarna a 2010, sannan ga 'yan bindiga da suka tashi ƙauyuka da dama a wannan yanki. Wa ke ta garaya? To ai lokacin gudun hijira ne irin waɗannan kaya ke salwanta, domin mai gudu hatsi da tabarma zai ɗauka, kuma dattijon da ya iya sana'ar in ya koma birni ba ya da almajiri. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga haka da biram, kayan kiɗan masuntan Tabkin Cadi. Sai da ya rage gwani ɗaya, Bukar Tar, sannan Malam Maman Barka ya je ya zauna wurinsa ya koya da tallafin UNESCO. Mu kuwa littafin rubutu da wayar hannu sun ishe mu farawa.

Kiranmu ga sarakunan baka da sarakunan makaɗa, da malaman Hausa na makarantunmu da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau: duk gidan da ke da tsohuwar garaya ko molo ko gurmi, a tambayi dattijon gidan wa ya sassaƙa, a wane gari, zamanin wane sarki, a rubuta, a ɗauki hoto. In masassaƙin yana raye, a naɗi muryarsa yana bayani da gizago a hannu.