"An Soya Masa Yau-yu": Salon Faɗin Kora Daga Aiki a Harshen Kanton

A Guangzhou da Hong Kong, inda ake magana da harshen Kanton, ba kasafai ake fitowa fili a ce an kori mutum daga aiki ba. Sai a ce "cau yau-yu", wato an soya masa yau-yu, wata halittar teku mai laushin jiki da hannuwa goma.

Asalin maganar daga kasko yake. Idan aka tsattsaga naman yau-yu aka jefa a mai mai zafi, nan take yake nannaɗewa. A zamanin da, yaran shago da leburori a kudancin Sin a wurin maigida suke kwana, kowa da shimfiɗarsa. Ranar da aka sallami mutum, sai ya naɗe shimfiɗar ya kama hanya. Faɗin hakan ƙarara yana da ciwo, don haka aka fake da abincin da ya yi kama da naɗaɗɗiyar shimfiɗa. Bahaushe, wanda ya san naɗe tabarma, ba ya buƙatar dogon bayani.

Maganar ta bazu har cikin Mandarin, harshen hukuma na Sin, kuma har juya ta ake yi: wanda ya ajiye aiki don kansa sai ya ce shi ne ya soya wa maigidan yau-yu. Kishiyarta ita ce "kwanon shinkafa na ƙarfe", laƙabin aikin gwamnati, kwanon da ko ya faɗi ba ya fashewa.

A Abuja duka biyun suna zaune a ofis ɗaya. Cikakken ma'aikacin tarayya yana da kwanonsa har ya kai shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki, sai dai in ya zama darakta, wanda wa'adin shekara takwas ke jira. Hadimin minista ko na ɗan majalisa kuwa, ranar da maigida ya sauka, ranar kaskonsa ke hawa wuta, sau da yawa ba tare da ya yi laifin komai ba.

Batun shimfiɗar ma ba baƙo ba ne a nan. Kafin gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi a 2003, daga baya kuma ta sayar da gidajen gwamnati a Garki da Wuse da sauran unguwanni, aiki da makwanci a haɗe suke, kuma takardar sallama kan zo da wa'adin fita daga gida.